Yadda Za Ka Bayyana Jinƙan Allah Ga Wanda Zunubi Ya Yi Wa Nauyi

Duk wanda ya daɗe yana hidima a ikilisiya, ko fasto ne, ko dattijo, ko shugabar zumuntar mata, zai gamu da mutumin da ya yarda akwai ceto amma yana ganin ba dominsa aka yi ba. Wani ya ci amanar aure, wani ya cinye kuɗin da aka ba shi ajiya, wata kuma ta yi shekaru ba ta taka ƙofar majami'a ba saboda kunya. Lamirin irin wannan mutum ya riga ya kashe shi da zargi, saboda haka aikinka shi ne ka nuna masa daga Littafi Mai Tsarki cewa ƙaunar Allah ba ta jiran mutum ya gyara halinsa kafin ta same shi.

Ka fara da sauraro, ka bar shi ya amayar da abin da ke cin ransa har ƙarshe. Kada ka yi saurin ce masa ba komai, ko kuwa kowa ma yana yi, domin wanda ya raina girman zunubi zai raina tamanin da aka biya dominsa a kan gicciye. Romawa 3:23 da 6:23 sun faɗi gaskiyar a fili, cewa dukan mutane sun yi zunubi, kuma sakamakon zunubi mutuwa ne. Ka riƙe sirrinsa, sai dai idan abin da ya faɗa ya nuna ran wani yana cikin haɗari.

Bayan haka ka buɗe Romawa 5:6-8, ka miƙa masa ya karanta da bakinsa. A nan ya kamata ku daɗe. Manzo Bulus yana cewa da ƙyar a sami wanda zai mutu saboda mai adalci, amma Allah ya tabbatar da ƙaunarsa gare mu da yake Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. Ka tambaye shi a wane hali mutane suke sa'ad da Almasihu ya mutu dominsu, sannan ka yi shiru har ya amsa da kansa, gama amsar da mutum ya gano da kansa ta fi zama a zuciya fiye da wadda aka zuba masa a kunne.

Daga nan sai labari, kuma babu wanda ya kai misalin ɓataccen ɗa a Luka 15:11-32. Yaron ya shirya jawabin da zai yi, yana niyyar roƙon a ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin barorin gidan, wato yana so ya biya da aiki. Amma tun yana nesa mahaifinsa ya hango shi, ya sheƙa da gudu, ya rungume shi, ya sumbace shi kafin ya buɗe baki. Kowa ya san dattijo mai mutunci ba ya gudu a gaban jama'a, amma wannan uba ya ajiye girmansa saboda ɗan da ya watsar da gādonsa. Riga mafi kyau da zobe da takalma da aka sa masa shaida ce cewa an mayar da shi matsayin ɗa, ba bara ba.

Yana da kyau ka ƙara da labarin da ya yi kama da damuwarsa. Wanda ya faɗi cikin zina, ka kai shi ga Dawuda a 2 Sama'ila 11 da 12 da kuma Zabura 51, amma ka faɗa masa gaskiya cewa ko da yake annabi Natan ya sanar da Dawuda an gafarta masa, sakamakon abin da ya aikata bai bar gidansa ba. Wanda yake ganin lokaci ya ƙure masa, ka nuna masa mai laifin da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23:39-43, wanda bai sami zarafin yin aikin kirki ko ɗaya ba, duk da haka aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Wanda ya yi musun bangaskiyarsa saboda tsoro, Bitrus, almajirin da ya yi musun sanin Yesu saboda tsoro, shi ne abokin tafiyarsa.

Sau da yawa a nan ne zai ce bari ya gyara tukuna. A ganina wannan ita ce babbar katangar, domin tana kama da tawali'u alhali ƙin karɓar kyauta ce. Afisawa 2:8-9 da Titus 3:5 sun nuna ceto ta wurin alheri yake, ta hanyar bangaskiya, ba ladan ayyuka ba ne. Yesu da kansa ya ce a Markus 2:17 marasa lafiya ne suke bukatar likita, kuma ba a taɓa jin majiyyaci ya jira ya warke kafin ya nemi magani ba.

Idan ya shirya, ku yi addu'a tare, ka bar shi ya furta zunubinsa da kalmominsa. Ba sai ta yi tsawo ba, gama roƙon mai karɓar haraji a Luka 18:13 jimla ɗaya ce, kuma shi ne ya koma gida karɓaɓɓe, ba Bafarisiyen nan, mai tsananin bin shari'a, da ya yi addu'a yana taƙama da adalcinsa ba. Ka dasa tabbacinsa a kan alkawarin 1 Yahaya 1:9, cewa in mun furta zunubanmu Allah zai gafarta mana, ba a kan yadda yake ji a ransa ba, domin wani zai yi kuka, wani kuwa ba zai ji komai ba a ranar.

Sai bayan wannan za a shiga maganar gyara, kuma ba a tsallake ta, gama Romawa 6:1-2 ta hana a mai da alheri hujjar ci gaba da zunubi. Wani shugaban masu karɓar haraji mai suna Zakka, a Luka 19, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu, amma bayan Yesu ya riga ya zaɓi sauka a gidansa ne. Ka taimaki mutumin ya tsara yadda zai mayar da haƙƙin da ya ci, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, kuma idan lamarin ya kai ga horon ikilisiya, ka raka shi wurin dattawa da kanka, sannan ka sa ranar da za ku sake zama a mako mai zuwa.