Yadda zaka haɗa cikakken kiɗan fim ɗin Spider-Man 2 da hannunka

Duk mai bibiyar kiɗan fina-finan su Spider-Man da Batman yasan wannan takaicin, kana kallo wani kiɗa ya shige maka rai, ka nemo faifan da kamfani ya fitar ka saurara tun daga farko har ƙarshe amma babu shi babu alamarsa. Dalili shine fim yakan haura awa biyu, shi kuwa faifan sai a tsakuro abinda bai kai awa ɗaya ba, a yanke nan a haɗe can. Shiyasa masoya ke zama su haɗa nasu mai tsawo. Zan yi misali da Spider-Man 2 na 2004, wanda Sam Raimi ya bada umarni Danny Elfman yayi kiɗan, saboda kusan duk wata matsala da zaka haɗu da ita a wannan aikin akwaita a cikinsa.

Kafin komai ka duba ko kamfanoni irin su La-La Land, Intrada ko Varèse Sarabande sun riga sun fitar da faifan da aka faɗaɗa, wato mai ƙarin kiɗan da babu a na farko. Kiɗan Superman na 1978 da John Williams yayi, kamfanin Rhino ya faɗaɗa shi a 2000, kamfanin Film Score Monthly ya fitar da akwati mai faifai 8 a 2008, Batman na 1989 ma La-La Land ta faɗaɗa shi a 2010. In ka samu irin wannan to shine tushenka, don su daga ainihin abinda aka naɗa a situdiyo suke ɗaukowa, babu dabarar gida da zata kamo ƙafarsa.

Sai babbar tambaya, kuma dan Allah kar ka tsallaketa: kiɗan da aka ji a fim kake so ko wanda mai kiɗan ya rubuta? Ba ɗaya bane fa. Faɗan nan na kan jirgin ƙasa tsakanin jarumi da bos Doc Ock, Elfman yayi masa kiɗa kuma yana cikin faifan da sunan "Train/Appreciation", amma a fim ɗin na wani mai kiɗan, Christopher Young, aka saka, wani mai kiɗan kuma John Debney ma ya taɓa wurin kai fiza na farkon fim. Kaga in baka yanke shawara ba tun farko saika tsinci kanka da abinda ba fim ba kuma ba faifai ba. Ni dai a ganina kashi na ɗaya ya bi fim tiryan-tiryan yadda aka ji shi, kashi na biyu kuma a zuba wanda aka cire da sauran nau'ika, ta haka ba'a tauye kowa ba.

Daga nan ka ɗauki biro da takarda ka kalli fim ɗin, kallon aiki ba na nishaɗi ba. Duk inda kiɗa ya shigo ka rubuta minti da sakan, inda ya tsaya ka rubuta, da abinda ke faruwa a wurin, da ko yana cikin faifai ko babu. Masu sana'ar suna sa lamba kamar 1m1, 1m2, wato naɗin fim na ɗaya kiɗa na ɗaya, kaima kayi naka a jere. Aikin da gajiya amma shine taswirarka, a nan zaka gane cewa waƙa ɗaya ta faifai kamar "The Bank/Saving May" guntaye ne aka ɗinke wuri guda.

Wajen tara kaya kuwa, CD na asali shine gaba, ka kwafe shi da manhajar Exact Audio Copy zuwa FLAC ko WAV, wato nau'in fayil ɗin da baya rage ingancin sauti. Sai Blu-ray ko DVD na fim ɗin, ka kwafo shi zuwa kwamfuta da manhajar MakeMKV. Kar ka raina wurin da sunaye ke hawa a ƙarshen fim da kiɗan menu na faifai, sau da yawa tsaf suke babu magana a kai. Akwai kuma Spider-Man 2.1 da ya fito a DVD a 2007 da ƙarin kusan minti 8, wani gutsuren yafi tsawo a can. Wanda ake turawa a waya a kasuwa kam ka manta dashi, an matse sautin har ya mutu, balle wanda aka ɗora fassarar Hausa a kai.

Ga wani tarko da ya shafe mu sosai. DVD na tsarin PAL, irin na Ingila da Najeriya, yana tafiya da hoto 25 a sakan maimakon 24 na silima, wato ya ƙara gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari, kiɗan ma sai ya ɗan ƙara sauri muryarsa ta ɗaga sama. In ka haɗa shi da na CD haka nan kunne zai ji tsalle a mahaɗar ko mutum bai san kiɗa ba. Saika rage masa gudu a Audacity, manhajar gyaran sauti, da wurin canza sauri wanda ke sauke murya tare. Haka kuma ma'aunin naɗin sautinsu ya bambanta, CD 44.1 kHz ne, DVD da Blu-ray 48 kHz, ka zaɓi ɗaya ka maida komai kansa sau ɗaya tak.

To yanzu ainihin aikin. Ka buɗe sautin fim ɗin na 5.1 a Audacity, sai ka saka masa ƙarin manhajar FFmpeg kafin ya iya buɗewa, zaka ga layi shida: hagu da dama na gaba, tsakiya, na rugugi, sai biyu na baya. Yawancin magana a tsakiya take, ka kashe shi da na rugugin, ka saurari na gaba biyu daban, na baya biyu daban. Wurin da ake hira a natse, kamar Peter (wato Spider-Man) da Anti May, na gaba sukan fito fes. Wurin faɗa kuwa ƙarar ƙarfe da fashewar gilashi sun cika ko'ina, na baya ma amsa-kuwwa ce tafi yawa. Manhajar Ultimate Vocal Remover na taimakawa wajen cire ragowar murya, amma ka saurara da kyau da hedifon, in ka matsa masa sai goge da sarewa su koma kamar ana busa su a ƙarƙashin ruwa. Wallahi gara ka bar ƙarar ƙofa guda ɗaya a ciki da ka kashe kiɗan gaba ɗaya, in kuma wuri yaƙi gyaruwa sam ka barshi, ka rubuta cewa babu.

Ɗinkin shine inda ake gane gwani. Ka sa na CD a layin sama, na fim a ƙasa, ka nemi wani bugun ganga mai ƙarfi da yake a duka biyun, ka zuƙo zanen sautin sosai har kaga tsinin bugun, ka ja ɗaya har tsinin su daidaita. A daidai kan bugun zaka yanka, ƙarar ita zata rufe mahaɗar, sannan ka sa ƙarshen wannan ya dusashe cikin farkon wancan na ɗan ƙiftawar ido. Kar ka taɓa yanka a tsakiyar dogon jan goge, za'a ji. Kuma ka lura a fim ana rage kiɗa in an fara magana a ƙara in an daina, dole ka bi a hankali ka daidaita hawa da saukar nan, sannan na CD yawanci yafi ƙara, shi zaka sauke ba ka ɗaga na fim har ya fashe ba. Duk inda CD ke da wurin, shi zaka ɗauka, na fim cike giɓi ne kawai.

In wani ya baka fayil yace FLAC ne ka duba shi da Spek, manhajar da ke nuna zanen sauti, in kaga sautin ya yanke ƙaf a wajen 16 kHz to tsohon MP3 ne aka sauya masa riga.

Da ka gama ka ajiye a FLAC, ka sa sunaye da lambobi da manhajar Mp3tag, kuma ka rubuta sunan mai kiɗan kowane gutsure daidai, na Young a rubuta Young, na Debney a rubuta Debney, haƙƙinsu ne. Ka haɗa da ɗan fayil na rubutu mai nuna daga ina kowane yanki ya fito, wanne ne tsaf wanne ne ke da ragowar ƙara, kar ka kira abu cikakke alhali da giɓi. Kiɗan kansa kuma mallakar masu shi ne, ka sayi na asali, naka ka barshi na sauraronka, kar ka sayar kar ka watsa. Abinda zaka iya rabawa abokai shine wancan jerin mintocin da bayanin inda ka yanka, duk mai CD ɗinsa da Blu-ray ɗinsa sai ya bi ya haɗa nasa.