Yadda ake ajiye farantin sola da ɗaura shi a motar da ake kwanan daji da ita

Farantin sola na farko da na saya bai cika wata huɗu a hannuna ba. Mai wat 120 ne, irin mai naɗewa gida biyu kamar akwati. Na kwantar da shi a bayan mota, na lulluɓa masa bargo, na ɗauka shi ke nan. A hanyar gargada jarkar ruwa mai lita 25 ta zame ta hau kansa, ta yi ta tsalle a kai har muka isa masauki. Da na buɗe, gilashin lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Sai da batir ya fara ƙin cika na kai wa mai riwaya, ya sa mita da tsakar rana, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wannan ai rabi yake bayarwa, ta ciki ya tsage."

Ƙwayoyin silikon da ke ƙarƙashin gilashin nan kaurinsu kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, kuma ba sa lanƙwasa, karyewa suke yi. Tsaguwarsu ido ba ya ganinta. Tun daga ranar na gane cewa a hanya faranti ke mutuwa, tsakanin jijjiga da kaya da iska. Ga yadda nake yi yanzu, mataki mataki.

Mataki na farko: yanke shawarar inda farantin zai yi aiki

Wanda zai kwana a daji inuwa yake nema wa motarsa, gindin tsamiya ko maɗaci, don firji da batir da mutanen da ke ciki duk ba sa son zafi. Shi kuwa faranti rana yake so tsirara. Idan ka ɗaure shi a rufi har abada, dole ɗaya ya haƙura: ko mota ta gasu, ko batir ya kwana da yunwa. Idan kuma kullum a cikin mota yake, duk awannin da kake tafiya a titi rana tana wucewa a banza.

Shawarata ita ce a haɗa biyun. A yi masa mazauni a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na saman mota, inda zai yi caji ana tafiya, amma mazaunin ya zama ana iya zare farantin cikin minti biyu a sauke shi ƙasa. Wannan na faranti mai gilashi da firam ɗin alminiyom ne. Mai wat 100 tsawonsa kusan mita 1 ne, faɗinsa kusan rabin mita, nauyinsa kilo 6 zuwa 8. Mai naɗewa na yadi kuwa, wanda ake ninkewa kamar tabarma, ba a yi shi don iskar titi ba. Wurinsa cikin mota.

Akwai wani irin mai laushi da ake liƙawa da gam kai tsaye a jikin rufi. Ban ba ka shawarar sa ba. Iska ba ta shiga ƙarƙashinsa, ƙarfen rufi yana dafa shi, ranar da ya lalace kuma ɓamɓare shi zai tafi da fentin motarka.

Kafin ka sayi komai, ɗauko tef ka auna kariyar, ka auna wurin da za ka ajiye shi a ciki.

Mataki na biyu: yi masa gida a cikin mota

Nan ne ya fi dacewa ka ɓata lokaci. Ka taɓa ganin yadda masu sayar da gilashin taga ke ɗaukar hajarsu? A tsaye suke jingina shi, ba sa kwantarwa. Haka za ka yi da faranti. A tsaye a kan gefensa mai tsawo, jijjiga tana bin firam ɗin ta sauka ƙasa. A kwance kuwa tsakiyar gilashin ce ke lilo sama da ƙasa a kowane rami, kuma duk abin da aka kwantar a bayan mota, komai daɗewa wani zai ɗora masa kaya.

Nemi wuri a jikin bangon mota ko bayan kujerar baya. Ka sa kafinta ya yanko maka falankin filawud guda biyu, kowanne ya ɗara farantin girma kaɗan, ya haɗa su kamar aljihu mai buɗaɗɗen baki. A liƙa soso mai kaurin yatsa biyu a ciki, gefe da gefe. A ƙasan aljihun a shimfiɗa robar tsohon tiyub ninki biyu, ita za ta sha dukan hanya. Farantin ya shiga daidai, ba matsi ba sako-sako. Idan ka girgiza ka ji ƙwas-ƙwas, ƙara soso.

Shi kansa aljihun a ɗaure shi da jikin mota, da noti ko da bel mai janyewa guda biyu. Igiyar roba kaɗai ba ta isa ba, burki ɗaya mai ƙarfi za ta miƙe. Idan da bel za ka ɗaure farantin kai tsaye, bel ɗin ya bi ta kan firam kusa da kusurwa, kada ya ratsa tsakiyar gilashi, kada kuma ka ja shi har firam ya fara lanƙwasa.

Mai naɗewa biyu a rufe shi gilashi na kallon gilashi, da tsumma mai laushi a tsakani, bayan an kakkaɓe yashi. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi ta zane a gilashi tsawon tafiya. Wayoyi kuma a naɗe su daban a jaka. Kan filogi mai tauri da aka matse tsakanin fuska biyu shi ne abin da ya fi fasa irin waɗannan farantan. Jak, sifana, tukunyar gas da jarka, duk su koma ɗaya ɓangaren motar.

Mataki na uku: mazauni a kan kariya

Ka je wurin mai walda da farantin a hannu, kada ka ba shi awo da baki. Ya yi maka layi biyu na ƙarfe mai kusurwa, masu kallon juna, yadda farantin zai zame ya shiga tsakaninsu kamar durowa. Gaba a toshe shi gaba ɗaya. Baya, ko gefen da za ka riƙa zarowa, a yi masa marfi mai fata da wurin kwaɗo. A liƙa roba a cikin layukan don kada alminiyom ya yi ta gogar ƙarfe. Walda kuwa a yi ta a ƙasa, farantin yana nesa, don tartsatsi yana ɓata gilashi.

Abu uku ne kada ka yarda a yi musu sakaci. Na farko, a bar sarari tsakanin farantin da rufin mota, aƙalla faɗin yatsa uku zuwa huɗu. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A bazara gilashin yakan kai digiri 65, ka ga an yi asarar kusan kashi 16 tun kafin a yi maganar ƙura. Iskar da ke ratsa ƙasansa ita ke rage wannan asara.

Na biyu, bakin gaba. Mota tana gudun kilomita 100 a awa, iskar da ta shiga ƙarƙashin faranti ɗaga shi take yi, kuma idan ya tashi kan wanda ke bayanka zai sauka. A sa ɗan ƙarfe mai gangara a gaba ya kore iskar sama, a bar gefe da baya a buɗe.

Na uku, noti. Nemi irin mai roba a cikinsa, wanda ba ya kwancewa da jijjiga, da wosha sama da ƙasa. Idan ba ka samu ba, ɗaura noti biyu a kan juna. Idan ta kama a huda firam ɗin farantin, a bi ramukan da kamfani ya riga ya huda. In dole sai sabon rami, a sa katako a bayan wurin don kada bakin abin huji ya zarce ya taɓa bayan farantin.

Bayan haka ka tuna motarka ta ƙara tsawo. Reshen ƙaya a hanyar daji ba ya sallama.

Mataki na huɗu: waya da kwanturola

Batirin sola daban, batirin tada mota daban. Wanda ya haɗa firji da batirin tada mota zai wayi gari a daji yana neman masu turi. Batirin na biyu a ɗaure shi ƙam, idan mai ruwa ne a ba shi wurin da iska ke fita, don yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji.

Kwanturola, wato na'urar da ke daidaita cajin da faranti ke tura wa batir, ta zauna kusa da batir, a inuwa. Farantai masu naɗewa da yawa suna zuwa da ita a liƙe a bayansu. Cire ta ka dawo da ita cikin mota. Dalili kuwa, batirin gubar yana bukatar wajen volt 14.4 kafin ya cika, doguwar waya kuma tana cin wuta a hanya. Wayar mita 10 mai kaurin milimita 1.5 (murabba'in milimita, yadda ake rubutawa a jikin waya), idan amfiya 10 na bi ta cikinta, tana cinye fiye da volt 2. Mai milimita 4 tana cin ƙasa da volt 1, mai 6 kuwa wajen 0.6. Faranti yana fitar da kusan volt 18, saboda haka asarar da aka yi kafin kwanturola da sauƙi, wadda aka yi bayanta ita ce ke hana batir cika. Ka sayi wayar jan ƙarfe ta gaske mai milimita 4 ko 6, ka kankare bakinta a gaban mai shago, don akwai alminiyom da aka shafa wa ja. Idan aljihu ya yarda, kwanturola irin da ake kira MPPT ta fi irin da ake kira PWM tatsar wuta daga faranti.

Jerin haɗawa ba a sauya shi: batir tukuna zuwa kwanturola, sannan faranti. Wajen kwancewa, faranti ne farkon fita. A sa fiyus a jar waya, bai wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba. Kwanturola mai amfiya 20 tana tafiya da fiyus mai 25 ko 30.

Wayar da ta sauko daga rufi kada ta bi ta bakin ƙofa, rufewa da buɗewa za su yanke ta. A huda, a sa roba a ramin, a toshe da silikon saboda damina. Ka sa filogi ɗaya mai ƙarfi, irin Anderson, a jikin mota ta waje, yadda ko farantin yana sama ko yana ƙasa wuri ɗaya za ka soka.

Mataki na biyar: kafa shi a masauki

Mota a inuwa, faranti a fili, doguwar waya a tsakani. A hunturu ka fuskantar da shi kudu. A Kano, wadda ke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ranar Disamba takan karkata kudu da kusan digiri 35 da tsakar rana, don haka ɗaga bayansa sosai. A Agadez karkatar ta fi haka. Amma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɗan koma arewa da kai, sai ka kwantar da shi kusan shimfiɗe. Idan lissafin ya dame ka, tsayar da ɗan gwangwani a kan gilashin, ka juya farantin har inuwar gwangwanin ta ɓace. Yi haka da hantsi, da azahar, da la'asar.

Inuwa kuwa ko ta reshe ɗaya ce kada ka raina ta. Ƙwayoyin a jere suke kamar mutanen da ke miƙa wa juna bokiti, idan ɗaya ya tsaya layinsa duka ya tsaya. Ganye ɗaya da ya rufe ƙwaya ɗaya yana iya tafiya da kashi ɗaya cikin uku na wutar, ko rabi.

Kafe ƙafafunsa da turaku, ko ka ɗaure su da jarka cike da ruwa. Iskar da ke gaban hadari takan zo ba shiri, da ka ga gabas ta haɗe ka sauke shi. Zura sarƙa ta firam zuwa tayar mota ko bishiya ka sa kwaɗo. A wuri irin Wikki da ke Yankari, gwaggon birai ma abin lura ne, suna hawa mota suna jan duk abin da ke lilo, don haka kada ka bar waya tana reto ko abinci kusa da farantin.

Mataki na shida: ƙura da duba noti

A hunturu kullum da asuba ka share shi, gilashin yana da sanyi. Fara kaɗe ƙurar da tsumma mai laushi, sannan ka bi da ɗan ruwa. Kada ka watsa ruwan sanyi a gilashin da ya sha rana, kada kuma ka goga busasshen yashi da ƙarfi.

Sabon mazauni, ka tsaya bayan kilomita 50 na farko ka bi notin ɗaya bayan ɗaya da sifana, daga nan kuma duk safiyar da za ka kama hanya. Ka auna amfiyar da farantin ke bayarwa da tsakar rana tun yana sabo, ka rubuta a bayansa da alƙalami mai kauri. Mai wat 100 yakan ba da amfiya 5 da ɗoriya. Duk bayan doguwar tafiya ka sake aunawa ka kwatanta. Idan kun dawo gida, zare shi daga kariya, ka toshe bakin filogin da leda saboda ƙura da zanzaro, ka jingina shi a tsaye a ɗaki busasshe inda ɓera ba zai kai ga wayar ba, batirin kuma ka cika shi kafin ka ajiye.