Kurakuran da aka fi yi wajen goge jirgin faiba, da inji ko da hannu

Wanda ya saba da kwalekwalen katako a gulbin Rima ya san abin da yake so: a toshe kafa da tsumma, a bi da kwalta, shi ke nan. Jirgin faiba kuwa, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da gam, halinsa daban. Yana da wata fata mai santsi a waje da ake kira jelkot, kaurinta kusan rabin milimita kawai, kuma ita ce ke kare zaren faiban daga ruwa da rana. Ranar Sakkwato ba ta raga mata. A kwana a tashi sai ka shafa tafin hannu a jikin jirgin, ka ga ya yi fari fat kamar ka taɓa alli.

A nan ne yawancin masu jirgi ke fara kuskure. Sai mutum ya sayo gwangwanin kaki, wato man da ake shafawa don sheƙi da kariya, ya lafta a kan wannan farin, ya ga sheƙi na 'yan kwanaki, daga baya jirgin ya koma gidan jiya. Kaki ba ya cire abin da rana ta ƙone, rufi ne kawai. Dole a fara wanke jirgin tas, a goge da man kankara, wato mai ɗan kaushi da ke kankare ƙonannen saman, har farin ya fita, a bi da folish mai laushi, sannan kaki ya zo a ƙarshe. In farin ya yi kauri sosai, sai an fara bi da samfefa mai lamba 1,000 zuwa 2,000, ana yi ana zuba ruwa.

Wannan kankara aikin inji ne. Da hannu ma tana yiwuwa, amma a jirgi mai tsawo kafaɗa za ta gaji tun ba a kai rabi ba, kuma aikin ya fito dabbare-dabbare. Sai dai wane inji? Na taɓa tarar da wani saurayi a bakin gulbi wajen Kwalkwalawa, ya aro giranda a wurin mai walda, ya ɗaura mata faifan ulu, ya hau jirgin wani dattijo da guga. Kafin in ƙarasa wurin, ƙauri ya tashi. Dattijon ya daka tsawa: "Kai yaro, kashe injin ga, ka ƙone mani jirgi!" Yaron ya ce, "Baba, ai wanga ma juyi shika yi." Juyi kam yana yi, amma giranda tana kai juyi 10,000 ko fiye a minti ɗaya, alhali gogewar jelkot tana son tsakanin 1,200 zuwa 1,800. Inda faifan ya ɗan tsaya, tabo ne ruwan ƙasa kamar faɗin tafin hannu, har zaren faiba ya fara leƙowa. Irin wannan ba guga ke gyara shi ba, sai an sake shafa sabon jelkot.

Ko da injin da ya dace, hannu bai kamata ya tsaya wuri ɗaya ba. A ɗauki fili kaɗan, kamar kamu ɗaya a tsaye kamu ɗaya a kwance, a kwantar da faifan a shimfiɗe, ana tafiya a hankali ba dannawa. Lokaci-lokaci a taɓa wurin da bayan hannu. In ya yi zafin da ba ka iya jurewa, a dakata. Kusurwa da bakin jirgi kuwa a bar wa hannu, domin can fatar ta fi saurin hujewa. Sabon shiga gara ya nemi injin nan mai juyi yana karkarwa, wanda ba ya tara zafi wuri ɗaya, ko da zai ɗan ja lokaci. Kuma kada a ja wayar janareto a kan jiƙaƙƙen yashi. A fito da jirgin tudu.

Shafa kaki kuwa, a ganina, hannu ya fi. Soso mai laushi, shafi siriri, a bari ya yi hazo, a share da tsumma mai tsabta. Masu laftawa da yawa asara kawai suke yi, don abin da ya wuce siririn nan tsumma ne zai kwashe shi.

Lokaci ma yana ɓata aiki. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, jikin jirgin da ke rana kuma ya fi haka. Mai ya bushe nan take ya daskare, sai an yi ta fama kafin ya fita. A yi da sanyin safiya, a inuwa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ƙwayar yashi ɗaya a faifai ta isa ta zana da'ira a duk inda ya bi, don haka faifan da ya faɗi ƙasa sai an wanke.

Kada a shafa kaki a inda fasinja ke taka ƙafa, musamman ranar kasuwa da ake shiga da buhuna da jiƙaƙƙun silifa. Kada kuma a wanke jirgin da omo bayan an gama, yana kwashe kakin. In kana son sanin ko lokacin sakewa ya yi, watsa ruwa da moɗa: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, da sauran kaki, in ya baje ya kwanta, a nemo soso.