Jan ɗakin tafi-da-gidanka da a-kori-kura: abin da takardar jikin ƙofa ta koya mini

A kan babbar hanya mai lamba 287 abin ya same mu. Mun wuce garin Childress mun nufi Amarilo, a arewacin Teksas, inda babu tudu babu bishiya sai iska. Wata babbar mota ta zo ta wuce mu ta hagu, sai na ji kamar an kama bayan motata an fizga. Ina duba madubi na ga tirela tana kaɗa wutsiya, hagu, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi. Uwargida ta kama salati, yara suka yi tsit. Allah ya kiyaye, ta lafa. Na gangara gefen titi, na fito hannuna na rawa, ina zagayawa ina neman tayar da ta fashe. Babu ko ɗaya. Laifin nawa ne, kuma tun a ƙofar gida na loda shi da hannuna.

Tirelar da nake nufi ba irin ta ɗaukar siminti ba ce. Ɗaki ne a kan tayoyi, da gadaje da kicin da banɗaki, wanda mutanen Amurka ke ja a bayan mota su je su kwana a daji ko bakin tafki. Mu abin da ya ja mu gare ta shi ne girki: duk inda muka yada zango tukunyarmu na tare da mu, ba sai mun yi ta tambayar mai gidan abinci da wane mai ya soya ba. Motar kuwa a-kori-kura ce ta ajin da ake kira mai rabin tan, ajin su Ford F-150, Chevrolet Silverado 1500, Ram 1500 da Toyota Tundra. Sunan tsoho ne, tun zamanin da laba 1,000, kusan kilo 450, ce iyakar abin da suke ɗauka. Na yanzu sun fi haka, amma ba da nisan da girman jikinsu ke sa ka zata ba.

Mai sayar da tirelar ya leƙa ta taga ya ga motata, ya ce ai wannan ko biyu na haɗa za ta ja. A takarda kuma yana da hujja, domin an rubuta motar za ta ja laba 11,000, tirelar kuwa 5,200 ce babu kaya. Lambar ja ba ƙarya ba ce. Akwai gwajin da kamfanoni ke bi, ana kiransa SAE J2807, har da hawan tudun Davis Dam a Arizona cikin zafi. Sai dai a gwajin mutum biyu kawai ake lissafawa a cikin motar, kowanne laba 150, bodi kuma wayam. Babu iyali, babu kula, babu janareto.

Lambar da za ta fara tare ka tana wani wuri. Buɗe ƙofar direba, ka dubi ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da ke faɗin iskar tayoyi, a samanta kuma an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Taka ce kaɗai, ba ta duk motoci masu sunanta ba, don kowane ƙarin ƙawa da aka saka a masana'anta ya ci wani abu daga ciki. Tawa 1,640 ce, kusan kilo 745. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, daga cikin wannan lamba yake fita. Kuma wannan nauyin wuya dole ne ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar bayan an yi mata lodi, in ba haka ba ta yi rawa.

Ga lissafina, ka saka naka a gurbinsa. Mu biyar mun tashi laba 560 (kar ka tambaye ni yadda aka raba). Ƙarfen haɗin da sandunansa 90. Murfin bodi da na saya daga baya 60. Tirelar da kayanta ta koma 6,400, don nauyin da ake rubutawa a talla bai san da tukwanen gas ba, bai san da batir ba, balle ruwa, wanda galan ɗaya ya haura laba 8, tankinmu mai galan 40 kaɗai ya wuce 330. Kashi 13 na 6,400 ya ba da 832. Cire duka daga 1,640, saura 98. Ko buhun shinkafa mai kilo 50 bai samu wuri ba. Da a ce na ɗauki maganar mai sayarwa na sayi mai laba 11,000, wuyanta kaɗai zai cinye 1,430, ko ni kaɗai na tafi na bar iyali a gida, sai na ƙetare iyaka.

To ranar tafiya Amarilo na ga bayan mota ya zauna, hancinta ya ɗaga. Sai dabara ta zo mini: na kwashe janareto da jarkokin ruwa da kekunan yara na kai su can ƙarshen tirela, bayan tayoyinta. Mota ta miƙe, na yaba wa kaina. Ashe na sauƙaƙa wuya ne na nauyaya wutsiya, wanda shi ne ainihin abin da ke haifar da rawar. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa, a kan tayoyin tirela ko ɗan gaba da su, kusan kashi 60 na lodin a gaba. Idan yin haka ya sa mota ta yi obalodi, maganin shi ne rage kaya ko rage tirela, ba tura su baya ba.

Kar ka tsaya a kan lissafin takarda, gani ya kori ji. A manyan gidajen man direbobin dogon zango akwai sikelin mota, mafi yawa na CAT Scale mai allo ruwan ɗorawa, 'yan daloli kaɗan ake biya. Sikelin kashi uku ne: ƙafafun gaba a na farko, na baya a na biyu, na tirela a na uku. Ka je da cikakken lodi da kowa a kujerarsa, kamar ranar tafiya. Auna sau uku: da sandunan raba nauyi a ɗaure, sannan bayan ka kwance su, sannan motar ita kaɗai. Bambancin nauyin mota tsakanin awo na biyu da na uku shi ne nauyin wuyanka na gaskiya. Sai ka gwada sakamakon da ɗaya takardar jikin ƙofa, wadda ke faɗin iyakar nauyin motar gaba ɗaya da na ƙafafun gaba da na baya daban-daban. A wannan aji, ƙafafun baya ne suka fi saurin ƙetare iyaka. Ka zaɓi lokacin da babu layi, don direban babbar mota da ke bayanka aiki yake yi, ba yawon buɗe ido ba.

Sandunan nan da na ambata su ne ke maido da wani ɓangare na nauyi zuwa ƙafafun gaba, inda sitiyari da mafi yawan ƙarfin birki suke. Ford, alal misali, na buƙatar su a F-150 da zarar tirela ta haura laba 5,000 ko wuya ya haura 500. Saita su da tef ɗin awo ake yi, ba da ido ba. A fili mai daidai, auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman tayar gaba kafin ka haɗa tirela. Haɗa ba sanduna ka sake aunawa, za ka ga gaba ya ɗaga. Sai ka ɗaure sanduna har ya dawo gwargwadon abin da littafin motarka ya ce. Nawa rabin tazarar ya nema. Ita tirelar ta tsaya daidai ko hancinta ya ɗan sunkuya, kar ya ɗaga. Ka nemi irin da ke haɗe da abin hana rawa. Amma ka sani sanduna raba nauyi suke yi, ba sa ƙara ko laba ɗaya a kan lambar jikin ƙofa.

Wajen haɗawa ba na yarda a yi mini magana. Sau ɗaya maƙwabci ya tsaya gaisuwa ina tsakiyar aiki, muka tafi da jak ɗin wuya bai gama naɗewa ba, sai da ya karci kwalta a bakin layi. Tun daga nan in an katse ni, daga farko nake komawa. Ƙwallo ya zama daidai da bakin tirela, yawancinsu inci 2 da 5/16 ne, wasu ƙanana inci 2, kuma babba kan zauna a kan ƙaramin ƙwallo kamar ya kama alhali bai kama ba. Bayan ka kulle ka sa fil, ɗaga wuyan da jak: in bayan mota ya biyo shi sama, ya kama. Sarƙoƙi biyu a gicciye su ƙarƙashin wuya, don in ya kuɓuce su tare shi kafin ya caki ƙasa. Siririyar wayar birkin gaggawa kuma, wadda ke kama birkin tirela in ta rabu da mota, a jikin motar kanta ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba, kuma da batirin tirela take aiki, don haka mataccen batir na nufin babu ita. Sai fulogi mai baki bakwai. Babban ɗana ne ke tsayawa a baya yana kiran fitilu: birki, sigina hagu, sigina dama.

Tayoyi a auna iskarsu da safe kafin su ɗau zafi. Na tirela suna tsufa kafin su suɗe, don zaman rana suke yi wata da watanni. A gefen kowace akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Ni in ta kai shekara biyar na sallame ta ko da zanenta na nan kamar sabo. Da yawansu iyakar gudunsu mil 65 ne a awa. Notin ƙafa kuma a sake ɗaure su bayan 'yan mil na farko duk lokacin da aka cire taya.

Birkin tirela na lantarki ne, akwai ɗan akwatin saita ƙarfinsa kusa da sitiyari. Nemi titi shiru, ka kai gudun mil 25, ka matse ɗan hannun akwatin gaba ɗaya ba tare da taka birkin mota ba. In tayoyin tirela suka kulle suna kuka, rage. In ba ka ji ta riƙe ka ba, ƙara. Kana son wurin da ya rage kaɗan su kulle. Ka yi ta kai hannu wurin har ya san hanya ba tare da ido ba, domin shi ne makaminka ranar rawa.

In ta fara kaɗa wutsiya, ƙafarka za ta so birki, hannunka zai so gyara sitiyari. Duka biyun ƙara mata wuta suke yi. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗauke ƙafa daga totur a hankali, ka matse birkin tirela kaɗai. Ita ke ja baya, motar na gaba, sai layin ya miƙe kamar igiyar da aka ja. Ni a ranar ban san wannan ba, ɗauke ƙafar kawai na yi. Da ta lafa kuma kar ka ci gaba da tafiya, tsaya ka gyara lodi.

Gudu shi ne uban tafiyar. Allon hanya a Teksas yakan ce 75, ni 62 nake yi a hannun dama, duk mai sauri ya wuce. A Kalifoniya ma doka ce, mai jan tirela 55. Tazarar da nake bari tsakanina da na gaba ta ninka ta ranar da ba na ja. In na hango babbar mota a madubi, nakan ɗan matsa dama in riƙe da hannu biyu, don iskarta za ta fara tura ka sannan ta zuƙo ka. Ranar da iska ta yi ƙarfi kuwa, zama ya fi. A Wayomin, kan hanyar I-80, hukuma kan rufe hanya ga dogayen motoci marasa nauyi saboda iska na kifar da su, kuma tirelar kwana na cikinsu.

Danna maɓallin jan tirela (tow/haul) da ke jikin giya tun daga gida. A gangara, irin wadda ke sauka cikin kwazazzabon Palo Duro inda muka nufa a ranar, sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe. In gudu ya ƙaru, taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki ya huce. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ke ƙona shi. A kwana ka buɗe sosai, don tayoyin tirela yanke hanya suke yi, kuma a gidan mai ka duba mafita kafin ka shiga. Auna tsayin tirelarka har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, ka rubuta a tef ka manna gaban sitiyari. Tawa ƙafa 11 ce.

Ribas ne ke haɗa miji da mata faɗa a sansani. Sa hannu a ƙasan sitiyari, duk inda kake son bayan tirela ya nufa, can za ka kai hannun, kaɗan-kaɗan. In ta karye da yawa, ja gaba ka miƙe ka sake, ba wanda ke ba da maki. Mu mun daina cewa hagu da dama, don hagunta ba haguna ba ne. Sai dai "ɓangarenka" da "ɓangarena". Ƙa'idarmu ɗaya: in ban gan ta a madubi ba, na tsaya cak. Mun koya a filin ajiye motoci na wata makaranta ranar Lahadi, da bokitan fenti huɗu a matsayin bishiyoyi. Biyu daga ciki ba su dawo gida ba.