Ka ɗaga Hilux, ka sa mata manyan tayoyi, ta koma shan mai: kurakuran da aka fi yi

Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, masu Hilux da Land Cruiser da suka ɗaga motocinsu suka sa musu ƙafafu irin na giwa sun fara lissafin da a da ba sa yi. Da mutum ya ga tanki na saurin zazzagewa sai ya nufi gareji, a wanke nozil, a canza fulogi, a sauya fanfon mai, kuɗi su tafi, mota kuma tana nan yadda take. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Jaki ne aka bari ana dukan taiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yarda da maleji. Maleji juyawar taya yake ƙirgawa, ya ninka da girman tayar da kamfani ya sa. Hilux da Prado da yawa suna fitowa ne da taya 265/65R17, tsayinta kusan inci 30.6. Ka cire ta ka sa 285/70R17 mai inci 32.7, kowane juyi ɗaya ya ƙara tsawo da kashi 7 cikin ɗari, shi kuwa maleji bai sani ba. A ce ka cika tanki, ka yi tafiya, maleji ya nuna kilomita 450, ka sake cikawa da lita 60. Lissafinka zai ba ka kilomita 7.5 a kowace lita. Alhali tafiyar da ka yi ta haura kilomita 481, wato 8 a lita. Wani ɓangare na man da kake kuka a kai ba inda ya je, ƙirge ne ya ruɗe ka. Gyaran ba wuya: ka kunna GPS na wayarka a hanya mai tsawo, kamar daga Kano zuwa Zariya, ka kwatanta da abin da maleji ya nuna, ka riƙe bambancin. Ka kuma auna tanki uku ko huɗu, cikawa zuwa cikawa, kafin ka yanke hukunci, domin tanki ɗaya bai isa shaida ba.

Ƙaryar maleji tana da wata illa da ta fi wannan cin aljihu. In allura tana kan 110, gudunka na gaskiya ya kusa 118. Ita kuwa iska ba ta da sassauci: daga gudun 100 zuwa 120, turjiyarta tana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari. Motar da aka ɗaga ta fi buɗe wa iska ƙirji, ga aksil da sauran tarkacen ƙasa duk sun fito fili, ga faɗin taya ya leƙo waje. Mai irin wannan mota in ya sauko daga 120 zuwa 95 ko 100 a kan kwalta, zai ga ragin da babu bakaniken da zai iya sayar masa.

Sai maganar giya, inda aka fi yin asara. Akwai masu cewa babbar taya tana rage shan mai tunda injin yana juyawa a hankali. Gaskiya ne allurar injin tana sauka, amma abin da ka yi daidai yake da ka ɗauki keke ka bar shi a giya mai nauyi, ka ce za ka hau tudu. Kowace giya ta ƙara tsawo, tashi ya yi nauyi, dole ka ƙara taka totur. Injin fetur mai lita 2.7 da ya cika Hilux ɗin Nijeriya sai ya kusa juyi 4,000 a minti yake ba da cikakken ƙarfinsa, don haka shi ya fi jigata. Na gas, irin 1HZ mai lita 4.2 da ke cikin Land Cruiser ɗin da ke ratsa hamadar Agadez, yana da ƙarfi tun daga ƙasa, ya fi haƙuri, ko da yake shi ma za ka ga baƙin hayaƙi in ka matsa masa. Mai atomatik kuwa za ka ji tana ta kai-komo tsakanin giya ta ƙarshe da ta ƙasa da ita a ɗan tudun da bai kai ya kawo ba, mai na ƙonewa, man giya na zafi.

Maganin shi ne canza haƙoran difirenshal, wato haƙoran cikin aksil da ke isar da ƙarfin injin zuwa tayoyi. Lambar da ake faɗa, 4.10 ko 4.56, rabon haƙora ne kawai: babba mai 41 da ƙarami mai 10 su ne 4.10, 41 da 9 su ne 4.56, 39 da 8 su ne 4.88. Ka ninka lambarka ta asali da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwa. Mai 4.10 da ya koma 285/70R17 yana bukatar kusan 4.39, sai ya zaɓi 4.30 in yawancin tafiyarsa kwalta ce, ko 4.56 in yana jan kaya ko shiga yashi. Wanda ya haura zuwa 315/70R17, mai inci 34.4, lissafinsa 4.61 ne, 4.56 ta yi masa. A nan ma ana zarce gona da iri. Ka sa 4.88 a kan taya mai inci 33, motar za ta riƙa zabura a cikin gari kamar doki, amma a babbar hanya injin zai yi ta ihu yana shan mai. Kuskuren da ya fi muni shi ne canza na baya a bar na gaba don rage kuɗi. Ranar da aka sa fowil, wato giyar da ke jan tayoyi huɗu, gaba da baya za su juya da gudu daban-daban, wani abu ya karye. A canza biyun tare, a hannun wanda ya iya saita haƙora, in ba haka ba kukan aksil zai raka ka har ka sayar da motar.

Ni dai a ganina, wanda ya ƙara taya da kashi 3 ko 4 kacal kada ya wahalar da kansa da wannan aiki. Canjin haƙora yana da tsada, kuma ba zai mayar da shan mai yadda yake a farko ba, domin nauyin taya da turjiyar iska suna nan. Abin da yake mayarwa shi ne ƙarfin tashi da lafiyar kulaci da giya.

Akwai kuma zaɓen taya don ado. Taya mai manyan ƙuraje ta taɓo tana da nauyi, tana gurnani, tana jan ƙasa. Mutumin da daga Nasarawa zuwa Kantin Kwari ne iyakar tafiyarsa, sai ƙauye sau biyu a shekara, mai matsakaicin zane da ake rubuta wa A/T ta wadatar da shi.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Ana sace iskar taya zuwa kamar 18 PSI a ma'aunin iska don shiga rairayi, wanda daidai ne, sai a hau kwalta a manta ba a ƙara ba. Ban da mai, tayar na iya zafi ta fashe, saboda haka ƙaramin fanfon iska a bayan kujera ya fi wasu kayan ƙawa amfani. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser 70 suna da makulli a cibiyar tayar gaba, in aka bar shi a LOCK aksil ɗin gaba zai yi ta juyawa a banza, a mayar da shi FREE da zarar an fito daga jeji. Ana ɗaga mota ba a sake saita ƙafafun gaba ba, taya ta riƙa tafiya a karkace tana cinye gefe ɗaya. Sannan kariyar ɗora kaya ta saman mota da jarkoki huɗu da safaya ta biyu da ake yawo da su a cikin gari duk shekara: jarkar gas ɗaya mai lita 20 ta kai kilo 17 ban da nauyin ƙarfenta. In ba tafiyar Bilma ce a gabanka ba, sauke su ka ajiye a zaure.