Idan Wayoyin Ofis Suka Yi Tsit: Yadda Nake Bin Diddigin Matsalar PBX

Duk wanda ya ce min "wayoyinmu sun mutu", tambayata ta farko ita ce: guda nawa? Amsar nan rabin aikin ce, tun ba a buɗe akwatin PBX ba, wato injin da ke haɗa wayoyin ofis da juna da kuma layin waje. Idan waya ɗaya ce, matsalar tana tsakanin teburin mai ita da ramin da aka jona ta. Idan takwas ne ko goma sha shida masu lambobi a jere, kati ɗaya ne, cikin allunan lantarkin da ake sokawa a injin, ke ɗauke da su. Idan ana kiran juna a ciki amma kira ba ya fita, ka duba layin kamfanin sadarwa da katin da ke karɓarsa. Idan kuwa ofis gaba ɗaya ya ɗauke, fara da wuta.

Waya ɗaya ita ce ta fi yawan faruwa, kuma a nan ake yawan ɗora wa kati laifin da ba nasa ba. Kawo waya mai lafiya ka jona a wannan soket. Ta yi aiki? To waccan ce ta lalace, ko igiyar hannunta mai murɗe-murɗen nan, wadda ita ce kan jawo ƙarar ƙwas-ƙwas a kunne. Ba ta yi ba, ɗauki mitar auna wuta ka nufi allon Krone inda wayoyi suka haɗu. Layin analog da ke ajiye yakan nuna 48V na DC, wasu injinan 24V, in an ɗaga kan waya ya faɗo ƙasa da 12V. Ka samu wuta a allo amma babu a teburi, waya ta tsinke a hanya. Ka samu sifili a allon ma, kada ka yanke hukunci tukuna: cire wayar da ta tafi teburi, ka auna ɓangaren inji shi kaɗai. Idan wuta ta dawo, silin tagulla biyu na cikin wayar ne suka haɗu a wani wuri, ƙila ƙafar kujera ta murƙushe su ko ɓera ya ci. Katin lafiyarsa ƙalau. Ka kula da yatsunka, domin idan kira ya shigo kana riƙe da tagulla, wutar ƙararrawa ta kai 75V zuwa 90V na AC, kuma tana ja. Ramin wayar dijital kuma ba a gwada shi da wayar analog.

In ta tabbata kati ne, ajiye kwafin saitin inji kafin komai. Ɗaura abin hannun nan mai sauke wutar jiki, kashe inji sai dai in littafinsa ya ce ana cire kati yana kunne. Zaro katin, hura ƙura, mayar da shi ya zauna daram. Sau da yawa aikin ke nan. Bai yi ba, musanya shi da wani irinsa. Matsala ta bi kati, kati ne. Ta tsaya a gurbin, allon baya ne, wanda katunan ke shiga cikinsa. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya. Mai sauya uku tare, ko an warke bai san me ya warkar ba.

Katin FXO, mai karɓar layin waje, shi tsawa ta fi kashewa. Cire layin daga inji ka jona waya ta yau da kullum: in babu ƙarar layi, aikin kamfanin sadarwa ne, ba naka ba. Na'urar kariya daga tsawa kuwa ado ce kawai muddin wayarta ta ƙasa ba ta haɗu da kyau ba. A layin E1, wato layin dijital na kamfanin sadarwa mai ɗaukar kira 30 a lokaci ɗaya, jar fitila na nufin sigina ba ya isowa, rawaya kuma can ɗaya ɓangaren ne ba ya jin ka. Idan fitilu lafiya amma murya na tsinkewa kuma faks ba ya wucewa, duba agogon da ke daidaita tafiyar sigina: injinka ya riƙa karɓa daga layin kamfani, kada ya bi nasa.

Injin da ke mutuwa ya tashi da kansa, musamman in wayoyi da yawa suka yi ƙara tare, na'urar wutarsa ce ta gaji. Leƙa ta ramukan iska, za ka iya ganin kafasita, 'yar gwangwanin nan mai tara wuta, ta kumbura ko fanka ta tsaya. Ni ba na buɗe ta, sabuwa nake sawa, domin kafasita na riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Idan kwanan wata na rikicewa duk sanda wuta ta ɗauke, ƙaramin batirin kan babban kati ne.

Wayoyin IP kuma, masu bi ta igiyar kwamfuta, daga suwic, akwatin da igiyoyin ke haɗuwa, suke shan wuta. Tsarin ba da wuta ta igiyar mai suna 802.3af na ba kowane rami 15.4W, amma suwic na da jimillar da ba ya wucewa, shi ya sa wayar ƙarshe da aka ƙara takan ƙi tashi. Igiya kuma kada ta zarce mita 100.

Masu tsofaffin injinan Panasonic su sani cewa tun 2020 kamfanin ya sanar zai bar ƙera PBX. Kowane irin kati da ke cikin akwatinka, nemi guda ɗaya ka gwada shi yana aiki, ka ajiye a jakarsa mai hana wutar jiki.