Yadda mace za ta yi sallarta, tun daga bakin buta har sallama

A islamiyyar matan aure ta unguwarmu nan Gusau duk shekara in anka ɗauki sabbin ɗalibai tambaya ta farko ɗaya ce, Malama mi ne bambancin sallar mace da ta namiji? Sai in ce masu bambancin bai cika tafin hannu ba, raka'a ɗaya ce, Fatiha ɗaya ce, ruku'u da sujada da tahiya da kabli da ba'adi duk iri ɗaya. Inda sallar mata ta fi zubewa tun kafin a hau darduma ne, wajen buta da wajen lissafin tsarki, shi ya sa zan fi daɗewa can. Abin da zan faɗa bisa mazhabar Malikiyya ne da munka tashi a kai, irin abin da ke cikin Ahalari da Risala, inda wasu malamai sunka saɓa zan nuna.

Mu fara da alwala. Ƙa'idar ita ce duk abin da ke da jiki wanda ke hana ruwa taɓa fata sai an cire shi. Lalle ba shi hanawa, launi ne kawai ya rage bayan kin wanke, ki yi ƙunshinki hankali kwance. Jan farce kuwa shina hanawa, haka farcen roba da ake mannawa da gam, haka kwalliyar biki mai kauri da ruwa ke zamewa a kanta. Na taɓa ganin wata amarya da ta yi kwana uku tana alwala a kan jan farce, da anka gaya mata sai ta sa kuka, to kuka ba shi ne magani ba, a goge a sake alwala a rama sallolin. Shafar kai ma wuri ne da ake ha'inci, ki ture ɗankwali gaba ɗaya, ki jiƙa hannuwa ki faro daga matsirar gashi ta goshi har ƙeya, ki shigar da hannu ƙarƙashin jelar kitso sannan ki dawo. Dangwala ruwa a gaban goshi da ɗan yatsa biyu don kada gyaran gashi ya lalace ba ta isar miki a wurin Malikawa, kuma ba a shafa a kan ɗankwali. Wajen wanka ba dole ne ki tsefe kitso ba in dai ruwa na isa tushen gashi, ki zuba ki murza ki matsa, amma kitson zare da anka naɗe tam ko wanda anka cusa ƙarin gashi har ruwa ba shi ratsawa, wanga sai an warware.

Sai sutura. Jikinki duka a rufe ban da fuska da tafin hannu, kuma bayan ƙafa na cikin abin rufewa, ko hijabi ya sauka har ƙasa ko ki sa safa. Ki duba ƙarƙashin haɓa, hijabin da robarsa ta saki nan yake barin wuya a waje. Mayafi shara-shara da ake hango fata ta cikinsa kamar babu ne. In gashi ko wuya ko ƙafa ya bayyana kinka yi salla a haka, sallar ba ta ɓaci ba amma ana so ki sake ta muddin lokacinta bai fita ba, in kuwa cinya ce ko ciki a buɗe alhali kina da abin rufewa to wagga sakewa ce dole ko lokaci ya wuce. Nikabi a cikin salla makaruhi ne, ki ɗage shi sai dai in akwai maza baƙi a wurin.

Babu kiran salla a kan mace. Iƙama in kin yi a hankali ya yi kyau, in kin bari ba komai. Ki fuskanci alƙibla, niyya a zuciya take ba sai kin jero ta da baki ba, ki yi kabbarar harama a tsaye. A sallolin bayyane, wato asuba da raka'a biyun farko na magariba da isha'i, bayyanawar mace ita ce ta jiyar da kanta kawai. A na ɓoye kuma dole harshe ya motsa, karatun zuci baki a rufe ba karatu ba ne, kuma wallahi mata da yawa haka suke yi musamman in akwai baƙi a ɗaki suna jin kunya.

Bambancin da kowa ke tambaya ga shi. Malam Ibn Abi Zaid a Risala ya ce mace kamar namiji take a siffar salla sai dai ita tana haɗe jikinta, ba ta ware cinyoyi ba ta buɗe damatsa, a ruku'u da sujada da zama duka. Namiji zai nisanta gwiwar hannu daga haƙarƙari ya ɗage ciki daga cinya, ke kuma ki tattara. Wasu malaman sun ce babu bambanci ko a nan, hujjarsu Annabi (SAW) ya ce ku yi salla kamar yadda kunka ga ina yi, kuma Bukhari ya kawo cewa Ummu Darda'i tana zama a salla irin zaman namiji alhali malama ce. Duk wanda kinka bi sallarki ta yi, wanga mustahabbi ne, don haka don Allah a bar faɗa a kai a gidan suna. Abin da ba a yafewa shi ne natsuwa, ki tsaya cak bayan ruku'u, ki zauna daram tsakanin sujada biyu, goshi da hanci su zauna a ƙasa. Tuwo na kan wuta yaro na kuka sai ka ga mace na sara kamar kaza na tsattsagar gero, to wagga ce ke ɓata salla.

Yanzu ga wurin da nake so ki karanta sau biyu. Mai haila da mai jinin biƙi ba su salla kuma ba su ramawa, azumi ne kaɗai ake ramawa, wanga kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne sallar ranar da tsarki ya zo. Alamar tsarki biyu ce, bushewa, wato ki sa auduga ko farin ƙyalle ya fito ba jini ba fatsi-fatsi, ko kuma farin ruwan nan da ake ce ma farar kumfa. Matan Madina sukan aika wa Nana A'isha auduga da ɗan rawaya-rawaya a jiki, sai ta ce kada ku yi gaggawa sai kun ga fari tas. To da zarar kin gani salla ta hau kanki a wannan lokacin, ba gobe da safe ba, ba sai ranar da kinka samu zuwa wajen mai kitso ba.

Lissafin kuwa da raka'a ake yinsa. Ki ɗauka magariba ƙarfe 6:40 ce, kin duba ƙarfe 5:30 kin ga tsarki. Ki cire lokacin da wanka zai ci ba tare da jan jiki ba, in abin da ya rage kafin rana ta faɗi zai ɗauki raka'a 5, to azahar da la'asar duka suna kanki, 4 na azahar 1 ta riskar la'asar. In bai kai 5 ba amma zai ɗauki ko raka'a 1, la'asar kaɗai. Da dare kuma ma'aunin raka'a 4 ne kafin alfijir, 3 na magariba 1 ta isha'i, in bai kai ba isha'i kaɗai. Asuba raka'a 1 kafin rana ta fito. Ranar da na fara bayanin wanga a aji wata dattijuwa ta riƙe baki ta ce ɗiyata ai ni tun ina amarya in na ga tsarki da la'asar sai in bari sai magariba in fara da sabuwar rana, na ce Inna Allah mai gafara ne, ki ƙiyasta abin da ya fi rinjaye a zatonki ki riƙa ramawa a hankali. In kuma babu ruwa, irin lokacin bazara da famfo ke ɗaukewa 'yan garuwa su yi wuyar gani, ko likita ya hana ki taɓa ruwa, ki yi taimama ki yi sallarki cikin lokaci, in ruwa ya samu ki yi wanka.

Haka lissafin yake in an juya shi. Jini ya zo miki ana saura lokacin raka'a 5 rana ta faɗi ba ki yi azahar da la'asar ba, duka sun faɗi daga kanki, in saura 4 zuwa 1 ne la'asar ce kawai ta faɗi azahar tana nan bashi. Sai dai jinkirta salla har wanga lokaci ba uzuri laifi ne mai zaman kansa. Kuma ba a ɗora miki tashi tsakar dare da tocila kina dubawa ba, ki duba in za ki kwanta, ki duba da asuba da sauran lokutan salla.

Jinin da ya ƙi tsayawa fa? Wadda ta fara gani karon farko iyakarta kwana 15. Wadda ta saba, ta ɗauki mafi tsawon al'adarta ta ƙara kwana 3, in ta saba 6 ta jira zuwa 9, amma ba a wuce 15, mai 13 kwana 2 za ta ƙara, mai 14 kwana 1. Bayan nan jinin ciwo ne, ki yi wanka ki yi ƙunzugu ki yi salla ko shina zuba, ana so ki sabunta alwala kowace salla. Masu allurar tazarar haihuwa da jini ke masu wasa, yau ya zo gobe ya ɗauke, ki riƙa tara kwanakin jinin kawai har su cika adadinki, ranar da ya ɗauke ki yi wanka ki yi salla, kuma mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Ki samu ɗan littafi ko kalandar waya ki riƙa rubutawa, ƙwaƙwalwar mai 'ya'ya biyar ba ta riƙe wanga lissafi. Jinin biƙi kuma iyakarsa kwana 60 a Malikiyya, wasu mazhabobin 40, amma in ya ɗauke ko ranar suna ce wanka da salla sun wajaba. Arba'in ɗin wankan jego al'ada ce ta gyaran jiki, ba hutun salla ba ne, kuma iyayenmu mata su ne ke hana 'ya'yansu da cewa ai ba ki yi arba'in ba.

Jam'i kuwa, ba a hana mace masallaci, ta fita ba turare, sahun mata bayan na maza. A gida in kina bin maigida ki tsaya bayansa ko ke kaɗai ce, ba gefensa ba. Mace ba ta limanci a mashhurin Malikiyya ko ga mata 'yan uwanta, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yarda ta ja mata tana tsakiyar sahu. Liman in ya yi mantuwa hadisi ya ce mata su tafa hannu, Imamu Malik kuma ya zaɓi tasbihi ga kowa. Juma'a ba dole ba ce a kanki, in kin je ta isar miki, in kina gida azahar raka'a 4 za ki yi da zarar lokaci ya shiga, maganar sai an sauko daga masallaci mata za su yi salla ba ta da tushe.

Masu ciki da masu goyo, in tsayuwa ta gagara ki zauna, in sujada ta gagara ki yi nuni da kai, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa, amma in kina iya tsayuwa ki yi kabbara da Fatiha a tsaye sannan ki zauna wajen abin da ya gagara. Salla da yaro a baya ta halatta, Annabi (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, sai dai ki taɓa famfas ɗin tukuna, in akwai kashi ko fitsari a ciki ki canza ko ki aje shi kusa da ke. Fitsarin da ke fallatsar mai shayarwa an yi mata rangwame in tana iya ƙoƙarinta na kaucewa, kuma malamai sun so ta ware tufa guda na salla. Ni zane ɗaya da hijabi ɗaya nake ratayewa a ƙusa bayan ƙofa, sama inda hannun yara ba shi kaiwa.